Mutuwa rigar kowa: kwana huɗu a gidan makoki a Thai Binh

Muna tsakiyar gardama a kan kwantena biyu na ƙwallon kashu wayar abokin cinikina ɗan Biyetnam ta yi ƙara. Ni na dage kayan da na loda daga Anyigba busassu ne ƙarau, shi kuma ya dage damshi ya shige su a teku, sai an rage kuɗi. Shekara shida ke nan muna irin wannan rigima, ni da shi, a ma'ajiyarsa da ke Binh Phuoc, yankin da duk mai tura kashu daga Afirka zuwa Biyetnam ya san sunansa, saboda yawan masana'antun ɓare shi da ke can. Watan Disamba ne na 2022, na je mu rufe lissafin kakar da ta wuce mu ƙulla na mai zuwa. Ya ɗauki wayar, ya yi shiru yana saurare, sannan ya kife ta a kan buhu. Ya ce, "Babana ya tafi."

Ya girme ni da shekara tara, don haka "anh" nake ce masa, wato yaya, shi kuma yana ce mini "chu", kamar yadda babba a arewacin ƙasarsu kan kira ƙanensa. A nan zan riƙa ce masa Yaya. Shi ne babban ɗa namiji, kuma a wurinsu ba a rufe akwatin uba sai babban ɗa ya iso, muddin akwai halin isowarsa. Ban yi shawara da kowa ba na ce zan raka shi. Zumunta a ƙafa take, ko da zumuncin na sikeli da buhu ne. Muka kama hanyar Saigon da dare, muka hau jirgin asuba zuwa Hanoi, tafiyar awa biyu, daga nan mota ta ɗauke mu kudu maso gabas zuwa Thai Binh. A lokacin lardi ne mai zaman kansa, sai a 2025 aka haɗe shi da Hung Yen. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, ba dutse ko ɗaya, shinkafa ko'ina, ga sanyi da yayyafi marar ɗaukewa. Ni da na baro zafin kudu da 'yar shat, tun a mota haƙorana suka fara haɗuwa.

Kafin mu ga gidan mun ji labarinsa. Lasifikar ƙauye da ke kan turken lantarki tana ta maimaita sunan tsohon, da shekarunsa, da lokacin da za a fara karɓar gaisuwa. An riga an kafa rumfa ta tare rabin lungu, maƙwabta sun jera kujerun roba, mata suna ta firar kayan miya a bakin rijiya. Wannan kam duk inda ka je haka yake.

Tsohon yana kwance a ɗakin tsakiya, an rufe masa fuska da farin ƙyalle, an ɗaure manyan yatsun ƙafarsa wuri ɗaya. Abin da ya fara ɗaukar idona wuƙa ce, irin ta kicin, an ɗora masa a ciki. Na tambayi 'yar ƙanwar Yaya, ɗaliba ce a jami'a a Hanoi, ita ta zame mini tafinta duk kwanakin. Ta ce don kada wani mugun abu ya shige shi ne. Saboda haka ma aka kulle kyanwar gidan a ɗakin ajiyar shinkafa, aka sa wani yaro gadinta, don sun yarda in kyanwa ta tsallake gawa, gawar za ta iya miƙewa. Ta faɗa tana 'yar dariyar 'yan boko, amma na lura da yaron ya bar bakin ƙofar, ita ce ta fara daka masa tsawa.

'Ya'ya maza ne suka yi masa wanka, a bayan labule. Ruwan an dafa shi da ganyaye da itatuwan ƙamshi, na dai gane kirfa a ciki, sai ya tuna mini magarya da kafur na wankan namu. Suka yanke masa farce suka ƙunshe, za a sa a akwatin. Suka sa masa sababbin kaya. Sannan Yaya ya durƙusa ya zuba masa 'yar shinkafa a baki da kwabbai uku, guzurin hanya. Duk wannan ba a yi shi da garaje ba, domin akwai sa'ar da wani dattijo ya lissafo daga ranar haihuwar mamacin da lokacin da ya cika, kuma sai ta yi za a sa shi a akwati. Aka zauna ana kallon agogo. A ƙasan akwatin an zuba busasshen ganyen shayi, kilo da yawa, don ya tsotse damshi ya danne wari. Halin ɗan kasuwa, sai da na ƙiyasta kuɗinsa a zuci, na kuma ji kunyar kaina.

Da sa'ar ta yi, aka naɗe shi, aka sauke shi ƙasa na ɗan lokaci kafin a ɗaga shi zuwa akwatin. A nan 'ya'ya mata suka fashe da kuka, wata gwaggo kuma ta shiga tsakani tana ture su baya da ƙarfinta. Ba hana kukan take yi ba, kuka a wurinsu wajibi ne, gidan da aka yi shiru ma zaginsa ake yi. Hawayen ne ba a so ya ɗiga a jikin mamaci, wai yana nauyaya masa tafiya. Aka rufe akwatin, aka jera kyandir bakwai a kansa. Da mace ce tara za a jera, don a ƙidayarsu namiji yana da kurwa uku da wasu ruhohi bakwai, mace kuma tara. A gefen kyandir ɗin aka ajiye kwanon shinkafa da aka danna ta yi tozo, da dafaffen ƙwai, da tsinkayen cin abinci biyu da aka fere kawunansu suka yi buzu-buzu.

Aikina na farko a gidan, ƙyalle ne ya ba ni shi. Na ga wasu tsofaffin mata biyu suna fama da bandir na farin yadi da wani dakusasshen almakashi. Ni kuwa a Kantin Kwari na yi yarinta, a shagon kawuna, kafin in san wani abu kashu. Na karɓa, na ɗan tsaga baki, na ja da hannu, ji kake kyaaat, ya tafi a miƙe. Suka dubi juna, suka tura mini bandir ɗin gaba ɗaya. Yadi ne sakwa-sakwa, mai faɗin ido kamar rariya, ko akoko ya fi shi daraja, irin wanda a kasuwarmu sai dai a tace koko da shi. Na yaga ɗaurin kai sama da saba'in. Sai suka miƙo mini ɗan guntun rawaya, na yaga guda biyar.

Ina yagawa hannuna yana tuna wani abu. Rabona da yaga farin yadi haka tun ranar da aka aiko shagon kawu sayen alawayyo na likkafanin wani maƙwabcinmu. A wurinmu mamaci ne ke sa farin, mu masu rai mu bi shi da kayan jikinmu, kowa da abin da mutuwar ta same shi a ciki. A nan mamacin an yi masa ado da sababbin kaya masu launi, masu rai ne za su sa tsumma.

Da la'asar aka buga ganga, aka jera kayan a kan tire gaban hoton tsohon, aka fara abin da suke kira "phat tang", rabon kayan makoki. Kafin wannan lokacin ba a karɓar gaisuwa, mutuwar tamkar ba ta tabbata ba. Yaya ya fara sawa. Riga ce ta wannan yadin, an ɗora ta a kan kayan jikinsa, ba maɓalli, ba a kalmashe bakinta ba, zare yana ta zuba. Ɗinkin gadon baya an juyo shi waje, alamar uba ne ya rasu, in uwa ce ciki ake mayar da shi. Ya yi ɗamara da igiyar ɓawon ayaba. Ya ɗaura farin ƙyalle a ka, jelarsa biyu suna reto a baya, ya ɗora wani gammo na bambaron shinkafa a kai, gammo sak irin na 'yan talla. Aka miƙa masa sandar gora wadda tsayinta ya zo masa daidai ƙirji. Gora ta uba ce, saboda a mulmule take kamar sama. Ta uwa daga wani icce ake sassaƙa ta mai kusurwa huɗu, kamar ƙasa. Mutumin da jiya yake zaune a ofis mai na'urar sanyi yana neman zabge mini dala dubbai, sai ga shi ya koma kamar almajirin da ya kwana a tasha. Nufin ke nan. Ɗan da ubansa ya mutu ba shi da sukunin kalmasa riga, ba ya cin abincin da zai tsaya ba sanda. Gammon kuwa, wani kawunsu ya ce mini an ƙirƙiro shi ne tun da, don kada 'ya'ya su fasa kawunansu a jikin bango saboda baƙin ciki.

'Ya'ya mata da matan 'ya'ya suka sa irin rigar, suka kwance gashi, suka rufa da wani farin lulluɓi mai tsini. Surukai maza da jikoki ɗauri kawai, an naɗe shi tsaf ba jela. Rawayan nan biyar na tattaɓa kunne ne. Da tsohon ya ga 'ya'yan tattaɓa kunne, da ja za a ɗaura musu, kuma wannan abin alfahari ne, ana nuna su a taro. Cikin minti ashirin tsakar gidan ta zama littafi. Ni baƙo da ban san kowa ba, ina iya nuna maka wane ne ɗa, wace ce suruka, wane ne jika, ba tare da na tambayi kowa ba.

Kawun nan, tsohon malamin makaranta ne mai son a tambaye shi, ya zaunar da ni ya zana mini matakan a bayan kwalin sigari. Biyar ne, sun samo asali daga koyarwar Konfushiyas ta ƙasar Sin, kuma wani littafi na ƙarni na 18 mai suna Tho Mai Gia Le ya tsara musu su daidai da ƙasarsu. Na sama shi ne na shekara uku, na iyaye da na mace ga mijinta, kodayake in an ƙirga wata 27 ne. Sai na shekara ɗaya, na wata 9, na wata 5, na wata 3, gwargwadon kusancinka. Yadda dangantaka ke nisa, haka yadin ke ƙara laushi, ɗinkin ke ƙara kyau. Na ce masa a wurinmu makoki kwana uku ne, sai matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma. Ya tambayi na miji in matarsa ta rasu. Na ce kwana ukun nan dai. Ya girgiza kai ya ce su shekara ɗaya ne. 'Yar tafintar tamu ta ƙara da nata, wanda ba a sa ta fassara ba: ko'ina dai mace ce ke biyan mai tsada.

Daga nan na tafka wautata. Na ga za a fara karɓar baƙi, na ce bari in kimtsa don girmama gidan. Na shiga ɗaki na ciro kaya mafi kyau da ke jakata, farar shadda ta Juma'a, riga da wando, na kafa hula. Ina fitowa wurin ya yi tsit. Masu zuwa gaisuwa duk baƙaƙe da masu duhu suke sawa, fari na 'yan gida ne. Ga baƙin mutum dogo, fari fat tun daga wuya har idon sawu, ya fi babban ɗa fari. Wasu tsofaffi biyu da suka shigo a lokacin suka nufo ni suka rusuna. Yara suka toshe baki. Sai mahaifiyar Yaya, wadda tun safe ban ji muryarta ba, ta yafito ni. Ta kama bakin rigata ta juya, ta bi kalmasar da yatsa, ta shafa aikin wuyan, ta faɗi wata magana da ta sa har masu kuka suka yi dariya. Wai, "Wannan ɗan nawa uban bai dame shi ba, dubi ɗinki." Baƙo ko da ido makaho ne. Aka aro mini baƙar rigar sanyi ta wani suruki, hannunta ya tsaya mini a gwiwar hannu.

Sai dai maganar tata ta jawo wata. Tunda ta ce ɗa, kawu ya ɗauko ɗauri guda cikin waɗanda na yaga da hannuna, ya miƙo mini da hannu biyu. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Wanda ya yi karin maganar bai gaya mana yadda za a yi in wutsiyar ta taɓa addini ba. Na karɓa da hannu biyu, na ce a ba ni minti kaɗan, na zaga bayan gida na kira malamina a Kano. Awa shida ce tsakaninmu, shi hantsi ne a wurinsa. Bai ja magana ba. Ya ce in yi musu ta'aziyya, in taya su aiki, in ba da abin da zan iya, amma ban da rusuna wa hoto, ban da kunna turare, ƙyallen ma in bar shi. Na dawo na sami Yaya na gaya masa gaskiya, ina jin nauyin bakina. Ya ce, "Chu, shekara shida ina kallonka kana ƙin giyata. Ka taho tun daga kudu. Sa shi a aljihu." Na ninke shi na sa a aljihun ƙirji.

Gaisuwa a wurinsu layi ake yi. Ƙungiya-ƙungiya ake kira da lasifika: dangin uwa, surukai, ƙungiyar tsofaffin ƙauye, tsofaffin sojoji da korayen kakinsu da lambobin yabo, don marigayin ya yi yaƙi a ƙuruciyarsa. Kowace ƙungiya da kambin furanninta mai baƙin ƙyalle. A kunna turaren tsinke, a rusuna sau biyu, don muddin ba a binne shi ba ana lissafa shi cikin masu rai, sau huɗu kuwa sai bayan an binne. A ajiye ambulan a tire. Akwai mutum biyu da ba abin da suke yi sai rubuta sunan kowa da abin da ya kawo, kamar littafin biki a hannun matanmu, kuma bashi ne, ranar taka za a buɗe a duba. Da aka kira ni, na je na tsaya, na ajiye ambulan, na dafa ƙirji, na faɗi kalmomin da na yi ta ji, "xin chia buon", wato ina raba baƙin cikin da ku. Sai na ƙara da Hausa, Allah ya ba ku haƙuri. Abin da ban shirya masa ba, 'ya'yan mamaci suna rama wa duk wanda ya zo. Sai ga Yaya, da gammonsa da sandarsa, ya sunkuya mini har ƙasa. Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Yaya, don Allah tashi," da Hausa, kamar zai ji.

Kiɗa kuwa ba a magana. Suna da karin magana cewa mai rai da fitila, mamaci da algaita da ganga. Na ce algaita don ba ni da wani suna da zan ba ta, bututu ne mai baki kamar ƙararrawa, mai busa ya cika kumatu, muryarta tana shiga har ƙashi. Akwai mai goge na tsirkiya biyu, akwai makaɗa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mawaƙinsu. Jika ko suruki zai ajiye kuɗi a faranti, mawaƙin ya karɓi lasifika ya yi kuka da sunansa, yana kiran tsohon, yana tambayarsa wa ya bar wa su. Roƙo ne sak irin na maroƙanmu, sai dai maimakon kirari hawaye ake saye. Da farko abin ya tsaya mini a rai. Can na ga wani ƙaton suruki, direban babbar mota, wanda tun safe fuskarsa kamar dutse, ya ajiye kuɗinsa, mawaƙin ya fara, shi kuma ya kife kai a gwiwa kafaɗunsa suna rawa. Daga nan na daina yanke hukunci. Ƙarfe goma na dare daidai suka ajiye kayan, doka ce ta hana kiɗan makoki daga goma zuwa shida na safe.

Abinci an yi shi kamar na biki, kaji, naman alade, shinkafa mai danƙo, giyar shinkafa. Ni matar Yaya ta ware mini tukunya sabuwa, ta dafa mini kifi da ganye da ƙwai. Salla kuwa a ɗakin ajiyar shinkafa nake yi, ni da kyanwar da aka tsare, ina fuskantar yamma, don a can gabas ɗinmu yamma take.

Cikin dare, da mutane suka ragu, 'ya'ya suka shimfiɗa tabarmi a gefen akwatin, don ba a barin shi shi kaɗai, ba a kuma barin turaren ya mutu. Na zauna kusa da Yaya muna shan shayi mai ɗaci. Ya tambaye ni yadda muka yi da nawa mahaifin. Na ce ya cika bayan sallar asuba, aka yi masa wanka, aka naɗe shi a ƙyalle uku, aka sallace shi a ƙofar gida, kafin ƙarfe goma sha ɗaya an dawo daga maƙabarta. Ya ce, "Kai kana ina?" Na ce ina Legas, ina jiran a ba kwantenata lamba. Da na iso washegari, tabarmi kawai na tarar da mutane. Ya ajiye kofinsa ya dube ni. "Kai ne babba?" Na ce ni ne. "Kuma ba su jira ka ba?" Na yi masa bayani yadda na iya, cewa gaggauta binnewa girmamawa ce a wurinmu, haƙƙin mamaci ne, ya fi haƙƙin ɗan da ke kan hanya. Na yarda da wannan a lokacin, na yarda da shi yanzu. Amma shekara takwas ban taɓa faɗin labarin ga wanda ya ji shi da mamaki ba. Kowa a gida cewa yake yi haka Allah ya so, kuma gaskiya ne. Shi wannan bai ce komai ba, ya dai ƙara mini shayi, muka zauna har kyandir ɗaya ya ƙare ya tashi ya canza.

Da safe aka fita da shi, don doka ba ta yarda gawa ta wuce awa 48 a gida ba in ba a sanyi take ba. Ana ɗaga akwatin wani ya fasa tukunyar ƙasa a tsakar gida. Tsofaffin mata masu rigunan ruwan ƙasa na haikalin Buddha suka shige gaba, sun ɗaga wani dogon ƙyalle bisa kawunansu, wai gada ce ta tsallakar da shi, suna ta jan addu'arsu. Bayansu hoton da kaskon turare, sai makaɗa, sai akwatin a kan amalanke mai ado ana turawa da hannu. Yaya da ƙannensa suna biye a baya, a sunkuye kan sanduna. Uba raka shi ake yi, uwa kuwa tarbarta ake yi, ranar tata babban ɗa gaban akwatin zai shiga yana tafiya da baya da baya. Wani yaro yana ta watsa takardun kuɗin bogi a hanya, ya fi zubawa a mararraba da kan gada.

Kabarin a tsakiyar fadamar shinkafa yake, an sha girbe, sai kututture da laka. Tun kafin a sauke akwatin ruwa ya fara tsattsafowa a ramin, mutum biyu suna kwalfewa da bokiti. Ni na tsaya a kan turbar da ta raba gonaki, ban matsa ba, ban kuma zauna ba. Na tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ne. Kowa ya jefa ƙasa da hannunsa, aka tara tudu, aka ɗora kwanon shinkafar nan da ƙwan. Da muka dawo, an hura wuta mai hayaƙi a ƙofar gida da ɓawon wani babban lemo, kowa yana tsallakawa don ya kakkaɓe sanyin mamaci. Ni sanyin Thai Binh ne ya dame ni, na tsuguna a gefe na gasa hannuwana.

A daren ƙarshe na tashi alwalar asuba, sai na hango fitilu can cikin fadama, da rumfar leda, da inuwar mutane. Na ɗauka wata mutuwar aka yi. Yaya ya ce a'a, maƙwabta ne suke tashin kakarsu. A arewacin Biyetnam wannan binnewar ta farko ta wucin gadi ce. Bayan shekara uku ko fiye, a watannin sanyi na ƙarshen shekara, cikin dare don kada rana ta taɓa ƙashi, sai a tone, a tsince ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, a wanke su da ruwan ƙamshi, a jera su a wani ƙaramin akwatin yumɓu, a kai su kabarin dindindin kusa da kakanni. Sai a lokacin na gane musun da na ji ana yi ƙasa-ƙasa ranar farko. Ƙanwarsa ta Hanoi ta so a ƙone gawar, kamar yadda mutanen birni da yawa ke yi yanzu, a huta da wannan aikin. Tsohuwa ta ce ba za a sa mata miji a wuta ba. Na tambaye shi ko ba ya jin tsoron ranar. Ya ce ya yi wa kakansa, yana ɗan shekara ashirin. Ƙananan ƙasusuwan yatsu ne masu wuya, sai an lalube laka da hannu ana ƙirgawa.

Bayan sun koma kabarin a rana ta uku sun gyara tudun, na yi sallama. Ragowar na bi su ta waya: kwana 49, kwana 100, cikar shekara, cikar shekara biyu. Da na koma Binh Phuoc a kakar da ta biyo, ba gammo ba sanda, sai wata 'yar baƙar roba kamar farcen yatsa a maƙale a ƙirjin rigarsa, ita ce makokin zamani, da ita ake zuwa ofis da banki. Duk tsawon lokacin bai je bikin kowa ba, ko gaisuwar sabuwar shekara bai shiga gidan mutane ba. Kuɗin kwantena biyun nan kuwa sai da ya zabge, bai bar mini ko dala ɗaya ba.

Da wata 27 suka cika ya turo mini hoto. Sun tara rigunan, da ɗaurin, da gammon, da sandunan gora, sun cinna musu wuta a bakin kabarin. Ya rubuta cewa guda ɗaya ya rage ba a ƙone ba. Na duba, yana nan a aljihun jakar tafiyata, a ninke yadda na sa shi, zare yana zuba ta gefen da na yaga. Ya ce in taho da shi ranar da za su tashi tsohon, tsohuwa ta ce a gaya wa ɗanta mai ɗinki. Na ce masa zan tsaya a kan turba kamar wancan karon. Ya ce ya sani, in dai zo da rigar sanyi tawa, surukin nan ya ce ba zai ƙara ba da aro ba.